Ƙaramin ƙwai cikin manyan fitilun daji: a huda, a liƙa zobe, ko a sayi mai shi tun daga kamfani?

Duk wanda ya ɗaura manyan fitilun shiga daji a gaban motarsa, masu faɗin faranti ɗin nan, ya san abin haushin da ke tattare da su, kusan kullum a kashe suke. Ka kashe kuɗi ka ɗaura, amma a titi ba dama ka kunna don za ka makantar da mai tahowa, sai su zauna a kan bamba kamar idanun da ke rufe. Daga nan ne tunanin saka musu ɗan ƙaramin ƙwai yake zuwa, wanda zai riƙa ba da ɗan haske a cikin fitilar duk lokacin da fakin layit ke kunne, motar ta yi kyau da magariba, kuma wanda ke tahowa ya gane faɗinta tun daga nesa. Ni ma na yi wannan ƙaiƙayin, na gwada hanya fiye da ɗaya, wata ta yi, wata kuma ta ci min fitila guda.

Kafin komai a fahimci juna, wannan ƙaramin ƙwan ba don ka ga hanya ba ne, don a gan ka ne. Babban ƙwan H3 mai wat 55 yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 1450, shi kuwa ƙaramin ƙwan W5W mai wat 5 lumen 50 ne kawai, kaga ko kusa ba a haɗa su. In ka raba lumen 50 ɗin nan ta kowane ɓangare zai ba ka kusan kandela 4 (kandela ma'aunin ƙarfin haske ne ta ɓangare ɗaya), kuma kandela 4 shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'idar Turai ta ECE R7 ta nema ga fitilar fakin ta gaba, iyakar sama kuma 140. Fitilar rana ta DRL wani aji ne daban, ita daga kandela 400 take farawa zuwa 1200. Don haka mai cewa zai saka ƙaramin ƙwai ya zama masa DRL yaudarar kansa yake, da rana tsaka ko ganinsa ba za a yi ba.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta huda. Ka kwance fitilar, ka zare riflekta, wato madubin da ke cikin kwanon, ka huda rami a jikinta, ka cusa soket ɗin T10 mai roba, wato gurbin ƙaramin ƙwai irin W5W, ka saka ƙwai. Wannan sai a fitilun halojin na gargajiya masu kwanon ƙarfe ko roba da riflekta guda ɗaya babba, irin su Hella 500 ko KC Daylighter da danginsu. T10 ɗin faɗinsa kusan milimita 10 ne, amma soket ɗinsa ya fi haka kauri, don haka ka fara sayen soket ka auna shi kafin diril ya taɓa komai, rami in ya yi faɗi ba ya komawa.

Inda za a huda shi ne rabin aikin. Riflekta an ƙera ta ne don ta tattara haske daga wuri guda, daidai inda zaren babban ƙwai yake, duk abin da ya zauna kusa da wurin sai ta harba shi gaba da ƙarfi. In ka kai ƙaramin ƙwan kusa da tsakiya abu biyu zai faru, zai tare wa babban ƙwai wani ɓangare na haskensa ya yi inuwa a cikin bim ɗinka, sannan shi kansa zai fi yadda kake so kaifi a idon mutane. Can gefe ake kai shi, kusa da baki, inda hasken zai bazu ya cika kwanon a hankali. Wasu na son sama wasu ƙasa. Ni na fi son ƙasa ko ɗan gefe, saboda zafi sama yake taruwa kuma ruwan da ya gangaro ta bayan kwano ramin sama yake fara samu, sai dai kar ka kai shi can gindi sosai inda raɓa ke kwanciya in ta shiga.

Kuma shafin azurfar da kake gani a riflekta ɗin ba fenti ba ne mai kauri, alminiyom ne da aka fesa siriri ƙwarai, yatsa ma in ya goga sai ya bar tabo balle tsumma. Garin ƙarfen da diril zai zubar a ciki kar ka share shi, ka juya ta ƙasa ka hura da iska. Wasu fitilun ma gilashin da riflektar a manne suke ba sa rabuwa, to irin waɗannan duk abin da ya faɗa ciki ta ramin ƙwai kaɗai zai fita, sai ka yi huda tana kife.

To yanzu wane ƙwai za a saka a ramin, nan ne mutane suka rabu biyu, na gilashi mai zare ko LED.

A takarda LED ya cinye gasar. Yana cin kusan wat 1, wani ma bai kai ba, ba shi da zaren da girgiza za ta tsinka, kuma girgiza ita ce abincin motar daji. Launi kuma sai wanda ka zaɓa, fari tas mai 6000K ko ruwan lemo. Lissafin batir ma yana bayansa: fitilu huɗu da W5W wat 20 kenan, kusan amp 1.7, ka manta su a kunne awa goma sun sha amp-awa 17, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na batir mai 60Ah, in batirin dama ya tsufa da safe sai turi. LED huɗu masu wat ɗaya ɗaya a wannan awa goman abin da za su sha bai wuce uku da ɗan wani abu ba.

Amma fa cikin fitilar halojin ba takarda ba ce, tanda ce. Ƙwan halojin dole gilashinsa ya haura digiri 250 kafin ya yi aikinsa yadda aka tsara, in kuma mai wat 100 ne ka saka to kwanon gaba ɗaya zafi yake ɗauka sosai, musamman in mota na tafiya a hankali a kan duwatsu babu iskar da ke bugunsa. Shi kuwa LED ƙwayarsa iyakarta wajen digiri 125 zuwa 150 ne, kuma tun kafin a kai can haskensa ke raguwa, robarsa ta yi rawaya, dalmar da ta riƙe shi ta fara saki, sai ka ga ya fara kyaftawa kamar mai ciwon ido, bayan sati biyu ɗaya ya mutu ɗaya na ci, motar ta koma mai ido ɗaya. Ba wai don yana kunne ba ne kaɗai, ko a kashe yake zafin babban ƙwai na dafa shi. Ƙwan gilashi kuwa ko a jikinsa, shi ma ɗan wuta ne. Matsalarsa zare, hanya mai gargada tana gajarta masa kwana, amma canza shi minti biyu ne kuma ba ya da gaba da baya, duk yadda ka cusa zai kama, saɓanin LED da yawa da in ka juya fozitib da negatib sai ya yi shiru ka ɗauka ya lalace.

Ni dai ra'ayina, in kana kunna manyan fitilun da gaske, awa ɗaya awa biyu a daji, kuma halojin ne, saka na gilashi ka huta. In W5W ya yi maka haske da yawa akwai ƙwai mai lamba 194, shi wajen wat 3.8 yake ci kuma haskensa kusan rabin na W5W, soket ɗinsu ɗaya, 168 kuma yana tsakaninsu. In kuwa fitilun na ado ne, sau biyu a shekara ake kunnawa, to LED ba laifi. Sai dai ka guji masu rubutun CANbus a wannan aikin, su an ƙara musu rizisto ne don su ja wuta su ruɗi kwamfutar mota, wannan riziston zafi yake ƙarawa, kuma a nan ba ka buƙatarsa tunda ba gurbin ƙwan asali ka saka shi ba.

Akwai kuma maganar launi da mutane ba sa lura sai an gama. Ƙwan gilashi haskensa ɗumi ne, wajen 2800K, ya dace da motar da fitilunta halojin ne. Ka saka LED mai 6000K kusa da fakin layit mai rawaya rawaya sai gaban motar ya zama kamar an yi masa faci.

Babban abin da huda ke jawowa dai ruwa ne. Fitila tana numfashi, in ta yi zafi iskar ciki ta kumbura ta fita, in ka faɗa rafi ko aka yi ruwan sama ta huce farat ɗaya sai ta zuƙo, kuma ta wurin da ya fi rauni za ta zuƙo, wato raminka. Raɓa in ta zauna a riflekta sai shafin ya fara dusashewa yana baƙi daga ƙasa, kuma ba a gyara shi. Nan ne na yi asarar tawa, na toshe gefen soket da silikon ɗin nan mai warin binega na haɗa fitilar tun bai gama bushewa ba, tururinsa ya kwanta a gilashi ta ciki ya yi hazo, waya ta fara tsatsa a bakin soket, cikin 'yan watanni riflektar ta tashi daga aiki. Irin wannan silikon asid yake fitarwa lokacin bushewa. In dole sai ka sa, nemi wanda ba ya wari kuma mai jure zafi, ka bar shi kwana guda a buɗe. Wanda ya fi duka shi ne soket mai robar da ke kama bakin ramin da kanta tsam, a matse, babu gam ko kaɗan, don watarana za ka so zare shi ka canza ƙwai. Kuma kar garin toshe ko'ina ka toshe ɗan ramin numfashin da kamfani ya bari, shi da gangan aka yi shi.

Duk wannan bayanin na masu halojin ne. In fitilarka LED ce, irin ƙananan masu kusurwa huɗu ko doguwar sandar nan, ajiye diril ɗin. Babu fili a ciki, allon lantarki ne manne da jikin alminiyom, kowace ƙwaya da nata ƙaramin madubi, an rufe da roba an rubuta IP67 ko IP68, alamar ruwa da ƙura ba sa shiga. Ka huda ka kashe wannan rufin, garanti ya tafi, kuma ƙila ka ratsa layin wuta a allon.

Sai hanya ta biyu, zobe. Wannan salon BMW ne ya shahara da shi, a 5 Series na shekarar 2000, Hella ce ta yi musu zoben, daga nan kowa ya ɗauka. Yanzu ana sayar da zoben LED na COB a girma daban daban da za ka liƙa a gefen gilashi. In a ciki za ka saka, matsalar zafi da ta ruwa na nan yadda suke, har da ƙari don sai ka raba gilashi da kwano. In a waje ne ba ka taɓa fitilar ba, wannan kyau ne, amma ka ba wa tsakuwa da laka da injin wankin mota abin wasa, gam mai fuska biyu ba ya daɗewa a gilashin da ke zafi yana hucewa. Kuma zobe yawanci ya fi ƙaramin ƙwai haske nesa ba kusa ba, da dare yana iya damun mai tahowa. Kamanninsa ma daban, ƙwai yana cika kwanon da haske mai laushi, zobe kuwa layi ne mai kaifi. A tsohuwar mota mai fitilun ƙarfe ni dai zobe bai taɓa yi min kyau ba, amma wannan ido ne, kowa da nasa.

Wata dabarar da ake yawan kawowa ita ce a bar ƙaramin ƙwai gaba ɗaya, a rage wa babban wuta kawai, misali a jera fitilu biyu a layi ɗaya kowacce ta samu bolt 6. Babu huda, babu ruwa, gaskiya ne. Amma zaren yana nan daidai tsakiyar riflekta, don haka ko da haske ya sauka zuwa kusan kashi goma cikin ɗari, bim ne dai tsayayye mai shiga ido, kashi goma na fitilar da ke harba dubun dubatar kandela ya ninka iyakar 140 ɗin can sau da yawa. Ga shi kowane ƙwai zai ci gaba da jan kusan wat 19 ko 20. Ba fakin layit ka yi ba, ful layit mai rauni ka yi. Ban ba kowa shawarar wannan ba.

Mai sauƙin duka kuma wanda aka fi rainawa, ka bar manyan fitilun yadda suke ka ɗaura ƙananan fitilun alama daban, a jikin giril ko a ƙarfen da ya riƙe fitilun. Su dama a rufe suke zuwa, an yi su don zama a waje, in ɗaya ta mutu ka cire ka jefar. Irin ukun nan masu ruwan lemo da ake gani a giril ɗin Ford Raptor tun na 2010, mutane na ɗauka ado ne, alhali doka ce, a Amurka motar da faɗinta ya kai inci 80 dole ta ɗauki fitilun shaida guda uku, Raptor kuma ta wuce hakan. Illar wannan hanyar ɗaya ce, ba za ka samu wannan kwanon mai haske da ka fara sha'awa ba.

In kuwa ba ka riga ka sayi fitilun ba, to maganar ta zo da sauƙi, sayi masu shi tun daga kamfani. Hella Rallye 3000 da 4000 suna da nau'in da ke zuwa da fitilar fakin a ciki, an yi ramin tun wajen ƙira, an ba shi roba, an gwada bim ɗin da ramin a jiki. A ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin da Finlan, inda dare ke da tsawo kuma manyan dabbobi ke tsallaka titi, irin wannan fitila ba baƙuwa ba ce, kamfanoni irin su Strands da Lazer suna yin na LED masu ita, wasu ma da zaɓin fari ko ruwan lemo a waya daban daban. A ɓangaren Amurka akwai Rigid Radiance, akwai Diode Dynamics SS3 mai hasken baya, akwai Baja Designs jerin LP. Sun fi tsada, eh, amma ka haɗa kuɗin soket da ƙwai da ranar da za ka ɓata da yiwuwar sake sayen fitila in ruwa ya shiga, sai ratar ta ragu. Wanda kuma ya riga yana da fitilu masu kyau da ke aiki, ban ga dalilin zubar da su don ɗan hasken wat biyar ba.

Wayarin fa, kowace hanya ka bi sai ka zo nan. Wuri uku ake ɗauko wuta. Daga wayar fakin layit, sai su kama tare su mutu tare, wannan ya fi kama da aikin kamfani, kuma a tsohuwar mota ƙarin amp ɗaya ko biyu ba komai ba ne. A sabbin motoci kuwa kwamfutar jiki, BCM, ita ke ba wa fitilu wuta kuma tana auna abin da kowane layi ke ja, ka ƙara kaya sai ta kunna maka gargaɗi a dashbod ko ta yanke layin, wasu kuma wutar a tsinke tsinke suke turo ta da sauri, ƙwan gilashi ba ya nunawa amma LED sai ya riƙa rawa. Maganinsa rile, ɗan makunnin da wuta ke kunnawa mai ƙafafu masu lamba, wayar fakin ta taɓa ƙafa 86 kawai, 85 ta tafi bodi, 30 daga batir ta fis, 87 zuwa ƙananan ƙwai. Ko ka ɗauko daga fis ɗin da ke samun wuta sai an murɗa ki, shikenan ba za ka taɓa mantawa da su a kunne ba, sai dai za su ci har da rana a banza. Ko kuma makunni nasu daban, wanda ni shi na fi so a haɗa da na farkon, don akwai ranar da za ka so kashe su ba tare da ka kashe fakin ba.

Fis ƙarami ake sa wa, amp 2 ko 3, kusa da inda aka ɗauko wutar, waya mai 0.75mm² ta isa har ta yi yawa. Kar ka jingina su da fis ɗin manyan fitilu mai amp 20 ko 30, siririyar waya za ta narke kafin wannan fis ɗin ya san ana yi. Kuma in kana so ƙaramin ya mutu da zarar babban ya kama, rile mai ƙafa biyar na yin wannan, ƙafar 87a tana da wuta lokacin da rile ke hutawa, tana ɗaukewa in ya kama. Sai dai ka tuna in ƙafa 30 kai tsaye daga batir take, 87a za ta kasance da wuta ko mota a kashe, don haka rile daban ake sa wa wanda 30 ɗinsa ke zuwa daga layin fakin. In kuma ka haɗa layi biyu a ƙwai ɗaya, sa diyod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kowanne, 1N4007 na ɗaukar amp 1, 1N5408 amp 3, in ba haka ba wuta za ta koma baya ka kunna makunni ka ga fitilun bayan mota sun kama.

Doka kuma kowace ƙasa da tata, ka duba ta inda kake kafin ka zaɓi launi. A tsarin Turai fitilar fakin ta gaba fara ce, shi ya sa masu ruwan lemo da yawa ake rubuta musu na daji kawai. A Amurka fari ko ruwan lemo duk an yarda a gaba. Ja a gaba ko shuɗi kuwa kusan ko'ina neman magana ne, ja na baya ne, shuɗi na motocin gaggawa. A Kalifoniya ma doka cewa ta yi fitilun daji su kasance a kashe kuma a rufe da murfin da haske ba ya ratsawa muddin kana kan titi, kaga wanda ke can ko ya huda ya saka ƙwai, a ƙarƙashin murfi zai riƙa ci, gara masa ƙananan fitilun giril.